Ƙwaya Uku a Sahur

Tun da aka ga watan azumin bana nake jin kamar na taɓa zama cikin wannan zafin. Mangwaro ya nuna yana faɗowa kan kwanon ɗaki, rijiyarmu ta ja baya sai da aka ƙara wa guga igiya, hadari kuma yakan taso da la'asar ya yi mana gwalo ya wuce. Jiya ina tsince wake a tsakar gida sai lissafin ya faɗo mini. Ashe azumi ne ya zagayo ya dawo daidai inda ya same mu shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, shekarar da na kusa aika mijina lahira da hannuna, kuma wallahi da kyakkyawar niyya.

Yanzu in aka ɗauke wuta na minti goma, jikokina sai su baje a ƙasa suna kiran sun mutu, sai an aiko da ƙanƙara daga bakin titi kafin rai ya dawo. Mu a lokacin firjinmu randa ce. A binne rabinta cikin yashi a gindin mangwaro, a jiƙa buhu a lulluɓa mata, zuwa magariba ruwan ya yi sanyin da har ƙamshin ƙasa kake ji a maƙogwaro. Gidanmu na Tudun Ƙofa ɗaki uku ne kacal. Ni da Malam Isiyaku da 'yarmu Sadiya, tana goye a lokacin, sai mahaifiyarsa Inna a ɗakin da ke kallon ƙofa, inda ko kaza ba ta shiga gidan ba ta gani ba.

Malam yana koyarwa a Islamiyya da yamma, amma abin da muke ci daga gonarsa ta hanyar Gitata yake fitowa. Yana kuma da wani abu guda da Inna ta mayar kamar tuta. Duk wanda ya shigo gidan, daga mai nono har mai gawayi, sai ya ji shi.

"Yaron nan da kike gani, tun yana ɗan shekara goma sha biyu bai taɓa shan azumi ba. Ko guda. Ko shekarar da kunama ta harbe shi da hantsi, sai da ya kai."

Yaron nan kuwa shekararsa talatin da takwas, har furfura ta fara leƙowa a gemu. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Haba Inna, ki bari mana." Amma ni da nake matarsa na san abin yana yi masa daɗi. In ana wannan zancen har tafiyarsa sauyawa take yi.

Shekarar ta zo da matsi. Doyar bara ta ƙare tun kafin Sha'aban, sai iri kawai da aka jera a inuwa aka rufe da ciyawa, wanda kuwa taɓa shi cin gobe ne. Dawa da mudu muke aunawa. Mai nonon da ke zuwa mana da ƙwarya cike sai ta koma zuwa da rabi, ta ce shanu sun rame, an kora su kudu neman ciyawa. Duk da haka gidan bai rasa hidima ba. Da an yi Azahar in jiƙa tsamiya, in surfa wake in kai inji, in dawo gumi na bin bayana har ya jiƙa Sadiya. La'asar na yi in ɗora kunu, in zauna gaban kasko. Wanda bai taɓa suyar ƙosai da azumi a bakinsa cikin bazarar Keffi ba, bai san iyakar haƙurinsa ba tukuna. Inna na gefe da mafici tana yi mini fifita sau ɗaya, ta yi wa kanta sau tara.

Aikin gona kuwa bai san azumi ba. Lokacin tada kunyar doya ne, kuma su Malam su huɗu suke gayya: shi da amininsa Bala, da wasu maƙwabtan gona biyu. Da an sallame Asuba su hau kekuna, su yi ta sara da garma kafin rana ta buɗe ido, in ta take su dawo. Kowa kwana huɗu ake yi a gonarsa. Tunda ba halin cin abincin gayya a gona, sai aka juya al'adar: matar mai gonar ita ke aika kunu da ƙosai gidajen sauran kafin a sha ruwa. Ƙuri'a ta sa mu a ƙarshe, abin da ya sa Malam ke ta duban sama kullum, yana roƙon kada damina ta kankama kafin a zo kanmu.

Ran biyar ga wata ya shigo gida a duƙe kamar mai ruku'u. Ƙugunsa ne ya riƙe a gonar Bala. Inna ta gasa da ruwan zafi, ta mulke shi da man kaɗanya har ya riƙa sheƙi, amma washegari da ƙyar ya iya sujada. Da la'asar ya lallaɓa kemis ya dawo da 'yar ambulan cike da ƙwayoyi masu ruwan hoda. Sunan maganin ibufurofen, amma mu "mai hoda" muke ce masa. A bayan ambulan ɗin mai kemis ya ja layi uku da biro.

"Ya ce ɗaya da safe, ɗaya da rana, ɗaya da dare," in ji Malam. "To ni mai azumi ina na ga rana?"

Daga baya mai kemis ya rantse ya ƙara da cewa bayan an ci abinci. Na yarda da shi. Wannan guntun bayanin a hanya ya faɗi, tsakanin kemis da ƙofar gidanmu.

Ni kuwa na yi boko har aji uku na sakandare, kuma a gidan nan ni ce mai karanta wasiƙa, saboda haka ji nake babu abin da ya gagare ni. Na juya ambulan ɗin, na gyara zama kamar alƙali, sannan na ce, "Malam, matafiyi ba yana haɗa Azahar da La'asar ba?"

"Yana haɗawa."

"To kai ma ka haɗa. Na safe da na rana ka sha su tare da sahur, na dare kuma da shan ruwa. Lissafi ya cika, ba wanda aka ci wa haƙƙi."

Ya dube ni ya yi dariya har ƙugun ya soke shi. Ya ce wannan fatawa ko a zauren manya ta zauna.

Kuma abin ya yi aiki, shi ne ma babbar matsalar. Kwana biyu Malam ya miƙe garau, ya ɗauki garma yana 'yar waƙa. Ya ce, "Hajara, da kin ƙarasa karatun nan da likita kika zama." Kaina ya kumbura ya cika ɗaki. Da ciwon ya fara leƙowa wajen hantsi, sai na sake zama na yi wani sabon nazari. Na ce ai da dare kwance yake, ciwo da rana yake aiki, me ya sa za mu ɓata ƙwaya guda a kan mai barci? Daga ranar na mayar da su uku cif a sahur. Ni nake ƙirga su in zuba masa a tafin hannu.

Malam kuwa mutum ne da abinci ba ya shigarsa da asuba. Tun da na aure shi sahur ɗinsa baƙin shayi ne rabin kofi da kurɓin ruwa biyu, wai don ya samu ladan sunna. A kan wannan ƙwayoyin ke sauka. Daga nan ya tafi ya wuni yana zubar da gumi a rana, babu ɗigon ruwa har magariba. Bala kuma, da ya ga amininsa na dafe ƙugu, ya kawo tasa gudummawar, wani garin magani a ƙunshin takarda.

"Wannan shi direbobin tirela ke sha," in ji shi. "Ka kaɗa a ruwa da an kira sallah, kafin komai. Ko ƙashi ne ya karye sai ya yi shiru."

Haka aka yi ta yi wajen mako biyu. Safe nawa, yamma na Bala. Ambulan ta ƙare aka sake cikowa.

Alamu sun zo, mu ne muka ƙi karɓar baƙuncinsu. Malam ya fara ƙorafin ƙwannafi, ya ce man ƙosai ya yi yawa. Na rage mai. Ya ce to barkono ne. Na rage barkono har ƙosan ya koma lami, Inna ta tambaya ko makoki ake yi a gidan. Ya riƙa dafe saman cikinsa in ya zauna, tuwon dare ya koma loma uku. In ya miƙe tsaye sai ya kama bango, ya ce rana ce. Fuskarsa ta yi fari, ni kuma na ce hasken azumi ne, har na yi masa barka. Akwai wata alamar da shi kaɗai ya gani, kunya ta hana shi faɗa.

Ran sha takwas da la'asar hadarin da ya daɗe yana yaudararmu ya cika alkawari. Iska ta fara kaɗo mangwaro tim-tim, sai ga ɗigo manya-manya a kan kwano, sannan aka sake shi gaba ɗaya. Ƙamshin ƙasar nan ya tashi, irin wanda ke sa mai azumi haɗiyar yawu. Na jera bahuna da bokitai a bakin indararo, Sadiya na tsalle a bayana, Inna da kanta ta fito ta tara hannu tana hamdala. Ranar muka yi buɗa baki cikin sanyi, kwaɗi na ta kiɗa a bayan gida. Washegari kuwa ita ce ranar farko ta gonarmu, ga ƙasa ta yi laushi. Malam ya kasa zama wuri ɗaya don murna.

Da asuba na ƙirga masa ukunsa kamar kullum. Na lura hannunsa da sanyi, amma na ce sanyin ruwan jiya ne.

Rana ba ta kai tsaka ba na ji babur a ƙofar gida. Inna ta tafi ta'aziyya unguwar gaba, ni kaɗai ce da Sadiya. Sai ga Bala ya shigo riƙe da Malam, wanda ya ɗauko a babur ɗin aro, rigarsa duk taɓo, ƙafafunsa na jan ƙasa. Wai yana cikin sara ya ce garin na juyawa, ya durƙusa tsakanin kunyoyi ya yi amai baƙi-baƙi mai gari-gari. Muka kwantar da shi a tabarma. Abin da ya fara fitowa daga bakinsa shi ne, "Aman da ya zo da kansa ba ya karya azumi. Ku shaida."

Ban tsaya shaida ba, na ruga gidan maƙwabciyarmu Sista Rifkatu. Nas ce a asibiti, 'yar ƙabilar Mada, mace mai faɗin gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Ranar tana hutu, na same ta tana wanki. Ta biyo ni da kumfa a hannu. Ta ja fatar idonsa ta leƙa, ta buɗe tafin hannunsa, ta riƙe wuyan hannun tana duban agogo. Na ga fuskarta ta sauya.

"Baban Sadiya, bayan gidanka wane kala ne kwanan nan?"

Malam ya rufe ido. Bala ya tuna yana da abin dubawa a jikin babur, ya fice.

"Ba wasa nake ba o. Ni nas ce, ba surukarka ba. Wane kala?"

Da ƙyar ya ce, "Baƙi ne. Kamar kwalta. Yau kwana huɗu."

"Jini ke nan. Cikinka yana zubar da jini. Wane magani kake sha?"

Na kawo ambulan da sauran ƙunshin Bala. Ta duba wannan, ta shinshina wancan, ta tambayi guda nawa yake sha kuma da wane lokaci. Malam ya kawar da kai. Ni ce na buɗe baki, muryata kamar ba tawa ba, na ce uku ne, a tare, da sahur, a kan shayi.

Sista ta ɗora hannu biyu a ka. "Maman Sadiya! Wa ya ba ki wannan lissafi? Magani ba sallah ba ne da za a haɗa. An ce sau uku ne don jiki ya gama da ɗaya kafin ɗaya ya zo. Wannan maganin yana da kyau, ni ma ina sha, amma shi da cikin da babu komai ba sa shiri, cin bangon ciki yake yi. Sai an ci abinci sosai, a bi shi da ruwa mai yawa. Mutumin da ke gumi a rana ba ya shan ruwa, har ƙodarsa zai iya taɓawa. Kuma wannan garin asfirin ne a ciki, shi da mai hoda 'yan gida ɗaya ne, ba a gama su. Kwana biyu uku ake sha, in ciwo bai tafi ba a je a ga likita. Ku kuma sati biyu! Da kun leƙo katanga kun tambaye ni, da na ce ɗaya bayan tuwon dare, ɗaya bayan sahur na gaske, shi ke nan."

Ta ce a nemo mota yanzu, asibiti za a tafi, za a ɗaura masa ruwa a ba shi magani, wataƙila har jini. Nan Malam ya ɗaga hannu.

"Sista, ƙarfe nawa?"

"Sha biyu da rabi."

"Saura awa shida. A bari a kira magariba, sai ku kai ni duk inda kuke so."

"Awa shida? Baban Sadiya, ni ba malama ba ce, amma shekara goma ina jinyar masu azumi. Na san littafinku ya ba mara lafiya hanya. Kai da kake koyar da shi ka fi ni sani."

"Na sani," in ji shi. Ya juya fuska ga bango. "Shekara ashirin da shida, Sista. Me zan ce wa Inna?"

A lokacin ne tsoro ya kama ni na gaske. Na durƙusa a gefen tabarmar, Sadiya na kuka a bayana ni ma ina yi. Na ce, "Malam, ni na ƙirga maka su. Kullum da hannuna. In ka tsaya jiran magariba wani abu ya same ka, kai ka tafi da azuminka cikakke, ni ka bar ni da me? In ce wa Sadiya me in ta girma? Don girman Allah kada ka ɗora mini wannan."

Sannan ya juyo ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Bala ya nemo motar."

A asibiti likita ya duba shi, aka kwantar da shi aka ɗaura ruwa. Sista, wadda ta biyo mu da zanen wankinta, ta zo da wani farin magani mai kauri da likitan ya rubuta, ta zuba a cokali ta miƙo mini. Ta ce, "Ke kika ɓata, ke za ki gyara." Rana tana tsaka, hasken ta tagar har yana kashe ido. Malam ya yi bisimilla ya buɗe baki, na ba shi. Ya haɗiye, ya yamutsa fuska ya ce, "Shekara ashirin da shida, a ce da wannan abin mai ɗanɗanon alli zan karya. Ko ɗan kunu babu?" Sista ta yi dariya har da tafi, ni ma na yi, da hawaye da majina.

Kwana shida ya yi a gadon nan. Jini leda biyu aka ƙara masa, ɗaya na Bala, wanda ya ce kaffarar garin maganinsa ce. Sauran 'yan gayya suka gama mana kunyoyin, suka dasa irin, suka ɗora wa kowace kunya hular ciyawa saboda rana, ni kuma ban fasa aika musu kunu da ƙosai ba. Likita ya ce shi da mai hoda da duk danginsa sun rabu har abada, in ciwo ya zo ya sha farasitamol ko ya dawo a duba shi. Har yau in za a rubuta masa magani, kafin ya gama gaisuwa ya faɗi wannan. Azumi goma sha biyu ya sha, ya rama su bayan Babbar Sallah, na kuma taya shi ko da ba a bina.

Amma abin da na fi tunawa a yammacin ranar farko ya faru. Inna ta dawo daga ta'aziyya ta tarar da gida a buɗe, maƙwabta suka gaya mata. Ta iso asibitin mayafinta a karkace, tana haki. Ta dubi robar ruwan da ke rataye, ta dubi cokalin da ke kan lokar gefen gado, ta gane komai. Ta zauna a bakin gadon ta riƙe ƙafarsa. Sannan ta ɗago.

"An ce magani ne ya ci masa ciki. Wa ya ba shi?"

Ni take kallo. Ba da zargi ba, kawai ni ce mai karatun gidan, ni ya kamata in sani. Na buɗe baki zan faɗa, sai Malam ya riga ni.

"Inna, ni na sayo, ni na haɗiye. Ƙato da ni, wa zai ɗura mini magani?"

Sista ta dube shi, ta dube ni, ta shiga gyara robar ruwan da babu abin da ya same ta. Inna ta yi masa faɗa sosai, ta ce tun yana yaro haka yake da taurin kai, ta kuma juyo ta ce in riƙa sa masa ido, tunda ni ce mai hankalin.

Shekara goma sha ɗaya Inna ta ƙara a duniya, a hannuna ta yi jinyarta ta ƙarshe, kuma ba ta taɓa sani ba. Ni da Malam kuwa mun yi faɗa iri-iri tun daga lokacin, na cefane, na yara, har da wanda na haɗa kayana na kai bakin ƙofa. Ya gaya mini maganganu, ni ma na gaya masa. Amma ko sau ɗaya, ko a ranar da ransa ya fi ɓaci, bai taɓa ce mini "ke da kika kusa kashe ni" ba.